Ni da Janaretan Ajilari

Ko zan manta komai, ba zan manta da bikin yayar Falmata a unguwar Ajilari ba. Falmata ita nake nema da aure a lokacin, kuma ranar ce mahaifinta, Alhaji Bukar, zai fara ganina ido da ido. Ta gaya masa ni malamin makaranta ne mai natsuwa. Aikina kawai in zauna in yi kama da mai natsuwa.

To ni ina da wata aƙida da na dami abokaina da ita: ido yana ɓata kiɗa. A ɗakina na unguwar Umarari, in na sa abin ji a kunne na rufe ido, har numfashin mai algaita nake ji. A Keke Napep kuwa, ido buɗe, waƙar nan dai sai ta koma hayaniya, saboda warin fetur da ramukan hanya. Na sha yi wa abokina Kyari wannan lacca har ya daina amsa min.

Bayan la'asar masu ganga da algaita suka fara, an jona musu lasifika. Aka zaunar da ni dab da lasifikar (har yau ina neman wanda ya jera kujerun nan). Ƙamshin turaren wuta ya taso daga wajen mata, gangar tana dukan ƙirjina, ƙasa tana rawa a tafin ƙafata. Wallahi ban san lokacin da na miƙe na shiga fili cikin samari ba. Na rufe ido, kamar yadda nake koya wa mutane.

Can kunnuwana suka toshe, sai wani ƙuuu. Algaita ta ɓace, amma ƙafata tana jin dum-dum-dum ɗin nan daram. Na ce a raina, kai, makaɗan nan gwanaye ne, sun sassauta ne don masu fahimta irina. Na ƙara duƙawa, na baza babbar riga, ina juyi a hankali.

Sai na ji an fizge min hannun riga. Kyari ne.

"Kai, buɗe idonka! Addu'a ake yi!"

Na buɗe. Fili fayau, ni kaɗai. Makaɗa sun ajiye ganguna, kowa ya ɗaga hannu, Alhaji Bukar yana tsaye da makirufo yana sa wa amarya albarka. Dum-dum ɗin da nake bi kuwa tsohon janareta ne a bayan katanga. Janareta nake yi wa rawa, jama'a, har da salo!

Alhaji ya shafa addu'a, ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya juya wajen mata.

"Falmata, wannan ne mai natsuwar?"

Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Alhaji ya ba ni ita daga baya, bayan kawunnaina sun yi ta zarya suna rantsuwar lafiyata ƙalau. Amma har yau, in na je gaishe shi aka ɗauke wuta, sai ya ce da yara, "Ku dakata, kada ku tayar da injin, surukina bai gama shan shayi ba."

Abin da na koya dai shi ne, a gidan surukai mutum ya bar kowace gaɓa tasa a bakin aikinta. Kunne ya ji, ido ya sa ido a kan kunnen.