Rasuwar Dogo, Mai Wuyar Rabuwa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, Bara'u Sunusi, ɗalibin digiri na uku mazaunin Ardwick a Manchester, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Dogo, bakteriyar da ya rena shekara uku a ɗakin bincike.

Dangin marigayin, in sun ƙoshi, sukan ɗaura zobe a ƙugu, su gina katanga a tsakiya, su rabu gida biyu. Shi kuwa Dogo, tun da Bara'u ya cire masa ƙwayar gadon da ke cewa lokacin ginin tsakiya ya yi, sai ya yi ta ƙara katangar gefe yana miƙewa kamar taliya, da ƙyar yake rabuwa. Da wannan lalura ya koya wa mai shi yadda gini da rabuwa suke jiran juna. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Abin da ake ji kawai gurnanin ƙaramin firizan da yake zaune a ciki, zuuu.

Ranar Juma'a Bara'u ya yi shirin Birmingham, sunan ɗan ƙanwarsa Fauziyya. Tun yana ƙarami a Kano, ranar da aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone musu talabijin, ba ya barin ɗaki sai ya bi soket ɗaya bayan ɗaya ya kashe. Shekara huɗu a ƙasar da ba a ɗauke wuta, hannun bai daina ba. Bai ma san ya kashe na firizan ba. Ran Litinin ya tarar da shiru. Katangar Dogo dama ba ta da ƙwari, ɗumi ya fasa ta. An shimfiɗa shi a farantan abincinsa goma sha biyu, an jira kwana uku, ko ɗigo bai tsiro ba. Bara'u ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar kakarsa.

Marigayin ya bar hotuna dubu biyu, da babi na huɗu na kundin digiri da ba a gama ba, da gwaji ɗaya da Dakta Celestina, malamar Bara'u, ta ce sai an maimaita, ga biza saura wata huɗu. Ya kuma bar wata 'yar kwalba mai ɗauke da sunansa, wadda tun bara ake cewa za a ɗebi irinsa a ciki a kai ajiya wani ɗakin binciken a Birmingham. Har yau babu komai a cikinta.

Za a sa shi a tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta ranar Alhamis bayan azahar, a hawa na uku na ginin bincike. Ba zaman makoki. Masu zuwa kada su tambayi wanda ya kashe wutar, domin shi ne zai danna maɓallin tukunyar, da hannun nan dai.