Ranar Da Aka Kashe Ni A Illo Ba A Taɓa Ni Ba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na shiga filin dambe a Illo ba, kuma ko da na so in manta, mutanen Bagudo ba za su bar ni ba. Bari in fara da wanke kaina: ni ba ɗan dambe ba ne. Injin casar shinkafa gare ni a Kaoje, kuma duk wanda ya dubi tumbina ya san inda rabin abin da injin ke casawa yake tafiya. Ɗan damben gidanmu ƙanena ne, Muntari, wanda yanzu duniya ta sani da Autan Kurgu, da yake Kurgu ne garin mahaifiyarmu. Yau ana kai shi Abuja da Legas, ya riƙe kambu, yara suna kallon wasansa a waya har cajinsu ya ƙare. Amma a lokacin da nake ba da labari ba kowa ba ne. Saurayi ne mai ƙarfin tsiya da ke bin ƙauyuka bayan girbi yana kayar da sa'o'insa, gari na wayewa ya dawo ya taya ni ɗaukar buhuna.

Ni kuwa tun a lokacin ina da wata magana da nake yawo da ita a bakin inji da wurin mai shayi, cewa ni na koya masa dambe. (Gaskiyar magana, yana ƙarami nakan make shi in ya rigaye ni kai hannu kan nama. Da ya fara girma sai na daina, saboda dalilai na lafiya.)

A wannan shekarar, ruwa ya yi mana ɓarna, ambaliya ta share gonar shinkafar Muntari ba ta bar masa ko na iri ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce mini in damben bana bai kai shi ko'ina ba, zai ajiye zare ya bi samarin da ke fiton kayan fasa-ƙwauri da babur ta hanyoyin daji a kan iyaka. Wannan sana'a ita ta raba ɗan kawunmu da ƙafarsa. Tun da mahaifiyarmu ta ji zancen ta daina barcin kirki, ni ma na ji tsoro, duk da ban nuna ba.

Ana haka sai labari ya zo cewa za a yi babban dambe a Illo, 'yan damben ƙetare daga ɓangaren Benin za su zo, kuma wani Alhaji mai gidan dambe a birni zai halarta yana neman sababbin hannu. An kai masa labarin Muntari. Ya ce ya ji, amma kayar da yaran ƙauye ba ya burge shi. In yaron na son ya tafi da shi, to ya gan shi gaban Dogon Ƙetare. Shi wannan Dogo wani Badende ne, baƙi, tsayinsa ya kai ƙofar shago, kuma ya daɗe ba a ga gwiwarsa a ƙasa ba.

Ga wanda bai saba zuwa dambe ba, akwai abu biyu da ya kamata ya sani. In kana son karawa da mutum, za ka taso daga ɓangarenku, ka ratsa fili, ka tsuguna a gabansa, ka miƙa masa hannun da ka ɗaure da zare. In ya yarda ya miƙo nasa, in bai yarda ba ya kau da kai. In kuma an shiga wasa, duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, to an kashe shi ke nan, haka ake cewa. Duk na san wannan tun ina yaro, don haka kada mai karatu ya nemi yi mini uzuri.

Ranar na sa sabuwar shaddata, na kafa hula, na zauna a ɓangarenmu a matsayin babban wa kuma malami. Fili ya cika maƙil, Hausawa da Fulani da Dendawa, babura jere kamar ranar kasuwa. Baba Nomau, tsohon makaɗin da ke yi wa Muntari take, yana ta zuba kalangu. Muntari ya tashi ya yi kirari, ya ratsa fili ya tsuguna gaban Dogo. Dogo yana shan rake. Ko kallonsa bai yi ba, ya kau da kai. Aka yi wasu wasanni, Muntari ya sake komawa, Dogo ya tofar da ɓawon rake ya sake kau da kai. Ba laifinsa ba ne, haka manya suke yi. In ya kashe yaron da ba a sani ba bai ƙaru da komai ba, in kuma tsautsayi ya sa yaron ya kashe shi, sunansa ya zube.

Rana ta fara sanyi. Na hango Alhajin yana duba agogo, direbansa ya je ya tayar da mota. Muntari ya dawo ya zauna kusa da ni, ya fara kwance zarensa a hankali. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya dunƙule zaren ya sa mini a hannu.

"Yaya, riƙe min wanga. Kak ka aje shi ƙasa, kak ka bari kowa ya ƙetare shi."

Ya zaga bayan rumfar masu tsire, na san don kada a ga idonsa ne. Tausayinsa ya kama ni.

To, zaren dambe dogo ne, in ka riƙe nan sai can ya zube. Hannuna na hagu yana ɗauke da takalman Muntari da gorar ruwansa. Sai dabara ta zo mini, na nannaɗe zaren a hannun dama har ya zama dunƙule. (Ba zan ɓoye ba, da na dubi hannun sai na ga ya yi mini kyau. Akwai wasu masu kawo mini casa a bayana, na ɗan ɗaga shi yadda za su gani.) Daga nan dabara ta biyu ta zo, wadda ta fi ta farko muni. Na ce a raina, ai ni babba ne, ga furfura a gemu, ga ɗan Dendancin da na tsinta a wurin ciniki. Me zai hana in je in roƙi Dogo cikin mutunci ya ba yaron nan dama?

Na miƙe na ratsa fili ina tafiyar dattawa. Na ji hayaniya ta ɗan lafa, na ɗauka girmana ake gani. Da na isa gaban Dogo, da yake roƙo na zo yi, sai na tsuguna. Kuma da yake iyayena sun ba ni tarbiyya, ba a fara magana ba a gaisa ba, sai na miƙa masa hannun dama.

Ban san na yi komai ba sai da na ji ihu ya tashi kamar an ce gobara. Na dubi hannuna, na ga zare, na dubi Dogo. Na buɗe baki ina bayani, amma makaɗan ƙetare sun riga sun saki ganguna, ni kaina ba na jin abin da nake faɗi. Dogo ya ajiye rakensa. Ya dubi gemuna, ya dubi tumbina, ya daɗe yana kallona. Duk yinin nan ana yi masa ba'a cewa tsoro yake ji, yanzu ga dattijo ya tsuguna masa a gaban jama'a. Sai ya miƙo hannunsa ya taɓa nawa.

Abin da ya biyo baya ya yi sauri. Wasu samari da ban taɓa gani ba suka zare mini shadda ta ka, wani ya karɓe takalman da gorar, wani ya fesa mini ruwa a fuska yana cewa Allah ya ba da sa'a. Na tsinci kaina a tsakiyar fili da wando da singileti mai huda a daidai cibiya. Baba Nomau, wanda ya san ni tun ina tsumman goyo, maimakon ya cece ni sai ya gyara kalangu ya ƙirƙiro mini take nan take. Masu kawo mini casa kuwa har da tsalle, suna ta shela cewa ga malamin Auta ya fito da kansa. Maganar da na shekara ina shukawa a wurin mai shayi ta tsiro a ranar da ba na so.

Alƙali ya ba da izini. Na tsaya hannuwa a sake kamar mai jiran mota. Abin mamaki, Dogo bai afko mini ba. Ya ja da baya, ya miƙa hannun kariya, yana zagaya ni a hankali yana shafa layar da ke damtsensa. Ashe a tunaninsa, tsoho mai irin wannan tumbi ba zai nemi karawa da shi ba sai in ya taho da wani mugun asiri. Ni ina rawar jiki don tsoro, jama'a na cewa tsuma nake yi. Na ɗaga hannu don in ce masa ya dakata, sai ya yi tsalle gefe, fili ya kaure da sowa. Na rantse a wannan ɗan lokacin har na ji wani abu mai kama da jarumtaka.

Sai Dogo ya gaji. Ya buga ƙafa a ƙasa, ya ja hannunsa baya har na ga jijiyoyin kafaɗarsa. Na tuna matata da 'ya'yana da injina. Ban san lokacin da na zube kan gwiwoyina ba, na haɗa hannuwa biyu na ce da ƙarfi, "Don Allah bawan Allah, gaisuwa niz zo!"

Alƙali ya duba, ga gwiwa biyu a ƙasa. Ya ɗaga hannun Dogo. An kashe ni, ko iskar hannunsa ba ta taɓa ni ba.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani Bafulatani ya riƙe sandarsa yana dariya har ya zauna a ƙasa. Alhajin birni da ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota ya dawo yana share hawaye. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Illo ta ƙi.

Ina nan durƙushe sai na ga ƙafafun Muntari a gabana. Ya kama hannuna ya fara kwance zarensa, kafaɗunsa na girgiza, har yau ban sani ba ko fushi ne ko dariya. Sai Baba Nomau ya tsayar da kiɗa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Dogo, ka kashe babban gida gaban ƙanenai! Wanda yak kashe wa, ba shi ƙin ƙane!"

Haka al'adar take. In ka kashe mutum, ɗan gidansu ya fito neman fansa, ba ka da bakin kau da kai. Fili ya ɗauka, har mutanen Dogo suka shiga cewa sai an yi. Muntari ya ɗaure hannu, ya tsuguna, ya miƙa. Wannan karon Dogo bai nemi rakensa ba.

Na kalli wasan daga bayan makaɗa, na lulluɓe kai da shaddata, ido ɗaya a waje. Turmin farko aka raba ba kisa, amma kowa ya ga yaron ba ya ja da baya. Da aka koma, Dogo ya kawo wani naushi da na tabbata nawa ne ya ajiye, Muntari ya sunkuya ya wuce ta kansa, ya taso masa ta ƙasan haɓa. Dogo ya tafi ƙasa kamar buhun shinkafa shanshera ya zame daga kan amalanke. Na manta da kunya, na jefar da shadda, na shiga fili da singiletina ina ihu ina kuka. Alhaji ya aika direbansa ya kashe mota.

Kafin in isa Kaoje bidiyona ya riga ni. Matata ta tarbe ni a ƙofa ta durƙusa ta haɗa hannuwa ta ce gaisuwa ta zo. Mahaifiyarmu kuwa da aka nuna mata ta yi dariya har ta yi tari, daga nan ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Ranar da Muntari zai bi Alhaji, na raka shi tasha a Bagudo ina ta ɓata rai don kada ya tayar da zancen. Sai da ya shiga mota ya leƙo ta taga.

"Yaya, da ba ka hwaɗi ba, da ban tashi ba."

Bai taɓa hawa babur ɗin fito ba. Dogo ma yanzu abokina ne, yakan aiko da shinkafarsa injina, kuma ya rantse mini cewa a duk rayuwarsa ta dambe ba wanda ya tsorata shi kamar ni. Sai dai takena ya bi Muntari duk inda ya je. Ko a Legas yake wasa, in ka saurara za ka ji makaɗi na kiran Autan Kurgu, ƙanen mai mutuwa ba a taɓa shi ba.

Na daina cewa ni na koya masa dambe. Yanzu cewa nake ni na buɗe masa ƙofa, kuma duk faɗin Bagudo ba mai musa mini, sai dai su tambaya ko da gwiwa na buɗe ta. Abin da na koya shi ne, in an ba ka ajiyar kayan sana'ar wani, ka riƙe, kada ka gwada a jikinka. Har gobe ina zuwa kallon dambe, amma in zan gaida ɗan dambe, daga tsaye nake yi, hannuwana biyu a cikin aljihu.