Yadda Za Ka Tara Tumbi a Sabha Kafin Ka Koma Gida

Ɗan'uwa, in ka sauka garinku a rame kamar yadda ka fito, wa zai yarda Libiya ka je? Tumbi ne shaidar ci-rani. Ni mai shayi ne a unguwar Tayuri, nan Sabha, mutane da yawa sun yi ƙiba a kan bencina. Bi matakan nan, in ba ka ga aiki ba ka zo ka zubar min da buta.

Misalinmu Bachirou ne, mutumin Tawa. Ranar da zai taho, surukarsa ta ce a gaban mutane: "Wannan ko ƙasar Makka ya je, da wuyan nan zai dawo." Maganar ta ci masa rai, ya rantse sai ta ga tumbinsa.

Mataki na 1: Bar aikin ƙarfi

Muddin kana ɗaukar bulo a unguwar Jadid, aikin banza kake. Tsoka ɓarauniya ce, duk sukarin da ka ci sai ta wawushe ta ƙone. Nemi gadi. Bachirou ya samu ƙofar wani sito, ga kujera ga inuwa. Abin nema ya samu.

Mataki na 2: Ci kamar kana ɗaukar bulon

Nan ne sirrin. Aiki ya ragu, kwano kada ya ragu. Burodi da safe, makaroni da rana, ka haɗa da burodin don kada makaronin ya ji kaɗaici. Dabino kuwa 'ya'yan itace ne, ba a lissafa shi cikin abinci.

Mataki na 3: Kada ka mayar da shayi

Ka san shayin Larabawan nan, mai kumfa, zagaye uku, na ƙarshe da gyaɗa. Mai gida ya miƙo maka kofi ka ce a'a? Ina tarbiyya! Shanye nasa, ka taho wajena ka ɗora.

Mataki na 4: Koya wa jikinka taurin kai

Akwai wani abu a jiki, likitoci na ce masa insulin. Aikinsa in sukari ya taru a jini, ya ƙwanƙwasa wa tsoka ƙofa ta buɗe ya shiga. To kai mai gadi ne, ka san yadda ake yi da mai yawan buga ƙofa: a yi kamar ba a ji ba. In ka dage da zama da zaƙi, haka jikinka zai koma. Insulin ya yi ta bugu, a ƙaro masa 'yan'uwa su taya shi, abin da ya rasa wurin shiga a tara maka shi a ciki. Kai kuma lafiyarka lau, ko ciwon kai babu.

Mataki na 5: Fassara alamu yadda ya dace

Gyangyaɗi bayan cin abinci: kwanciyar hankali. Yunwa tun kwano bai bushe ba: lafiya ce. In bayan wuyanka ya yi duhu, ka ce ranar yankin nan na Fezzan ce ta ƙona ka, ko da a inuwa kake wuni.

Mataki na 6: Guji mai kantin magani

Nan Bachirou ya fara ba ni kunya. Ya shiga sayen man zafi, Yousef mai kantin ya dubi wuyansa, ya dubi cikinsa, ya tura shi awon jini. Da ya kawo sakamako, Yousef ya ce da 'yar Hausarsa ta kasuwa: "Ciwon sukari babu, aboki. Amma yana hanya. Kai ci, kai tashi, kai tafiya. Shayi kaɗan." Ka ji fa! Mutum ya kusa kammala gini a ce ya rushe.

Mataki na 7: Ko da wasa kada matarka ta ji

Bachirou, Allah ya shirye shi, ya kira matarsa Koubra ta bidiyo a nan kan bencina, ya ja wayar baya don ta ga cikin da kyau. Ta yi dariya har da tafi. Daɗi ya kwashe shi, ya ba ta labarin Yousef a matsayin abin dariya.

Dariyar ta tsaya.

"Malam, don Inna kake wannan?"

"To ba ita ta ce..."

"In ka kwanta, Inna ce za ta yi jinyarka ko ni? Shekara nawa ina kwana ni kaɗai ina jiranka? Ka dawo min da wuyan naka yadda yake. Nata bakin ni zan ji da shi."

Wallahi har ni sai da na sunkuyar da kai, na shiga fifita gawayin da ya riga ya kama.

Yanzu kullum bayan la'asar za ka gan shi yana zaga Tayuri a ƙafa, wando na zamewa, ya ɗago min hannu daga nesa ya wuce. Ɗalibin da na fi ji da shi ke nan, mace ta lalata min shi da magana ɗaya.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, kada ya doso rumfata. Ni ba likita ba ne, ban kuma taɓa ɗura wa kowa shayi ba, miƙawa nake yi. Mai ƙorafi ya je wajen Yousef. In ka same ni a can kan layi, gaisuwa na je. Kuma kofin da kake gani a gefena kada ka kuskura ka kurɓa, nawa ne, babu sukari a ciki.