Yawun Tsohon Tela

Shekararsa saba'in da tara, tela ne da ya ajiye keke tun da idonsa ya yi rauni. Kwana tara ke nan da motar da ɗansa ya shiga ta kama da wuta a hanya, aka kasa gane gawar mutum goma sha ɗaya. Masu gwaji sun nemi su shafo yawu a cikin kumatun dangi da auduga, don a gane gawar kowa. Jikarsa, 'yar wanda ake nema, ta ba da nata. Shi kuwa tsohon ya zauna a bencin barandar asibiti, ya ƙi shiga.

"Sannu da hutawa, angona. Ya ƙarfin jiki, in da saura?" in ji jikar, tana zama kusa da shi.

"Akwai wanda zai ishe ni in sake ki, in auro wadda ta fi ki."

"Da wane baki? Shekara ashirin kana fesa mana yawu kyauta, yau an roƙa ka zama marowaci."

"Zancen mai gwajin nan mai farar riga ƙarya ne."

"Ba ka ji ba dai, kunnenka ado ne. Cewa ta yi jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, a cikin ƙwaya akwai zare arba'in da shida a naɗe, sunansu kromosom. Ashirin da uku daga uwa, ashirin da uku daga uba. A jikin zaren, wato DNA, aka rubuta abin da mutum ya gada."

"Shekara hamsin ina ɗinki, ban taɓa jin zaren da ido ba ya gani ba."

"Yanzu ko igiyar shanya kana gani?"

"To ke nawa kika sata a nawa?"

"Wajen rubu'i. Shi ya bar ni da hancin nan kamar murfin buta. Ban yafe ba."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Hancin nan kakarki ta gani ta biyo ni."

"Tausayi ne."

Tsohon ya murza bakin rigarsa.

"Ai kin ba su naki. Me za su yi da nawa?"

"Wuta ta ɓata abin da suka samu a gawar. Rabin zaren Baba daga gare ka yake. In sun haɗa nawa da naka, babu sauran shakka."

"Abin da ba na so ke nan, amarya. Muddin bakina na rufe, yaron nan yana wani gari, wayarsa ce ta lalace."

"Ni ma kullum sai na kira lambar, Kaka. Amma in shi ne, kwana tara yana kwance cikin sanyin ɗakin gawa kamar marar kowa. Kai ka ɗinka masa rigarsa ta farko. Ka bar ni in san inda zan riƙa zuwa in yi masa addu'a."

Ya cire hula, ya goge ido da ita.

"In na buɗe, kada ki kalla."

"Me zan gani? Haƙori uku, ɗaya ma yana sallama."

"Huɗu ne, ja'ira!"

"Uku. Buɗe a ƙirga."

Ya yi dariya har ta koma tari, hawaye na bin gemunsa.

"Kin ci ni. Kama ni in tashi."

Ya shiga, ya zauna gaban mai gwajin, ya buɗe baki. Haƙoran uku ne. Bai saki hannun jikar ba har aka gama.