Saniyar Hamman da Filin Jirgin Garinmu

Jiya da hantsi maƙwabcina Hamman ya faɗo zaurena ko sallama bai ƙarasa ba. Saniyarsa ta tsinke igiya ta shige gonaki, ita kaɗai ce kuwa mai ba gidan nono. Wanda ya san ƙasar Dungas a ƙarshen damina ya san gero yanzu ya shanye mai raƙumi, balle saniya. Al'adarmu kuma ba ta wasa: dabbar da aka kama a gonar wani, dattawa ne za su taka su ƙiyasta ɓarna, in ta yi yawa dabbar ce za ta tafi kasuwa. Hankalin Hamman ya tashi ƙwarai, ni ma na tausaya masa.

Na ja shi wajen Rabilu mai ɗaukar bidiyon biki, wanda yake da ɗan jirgin nan maras matuƙi da ake ce wa dron. Abin bai fi faifai ba, amma daga sama yana nuna maka har kazar da ke bayan rumbu a fuskar salula. Rabilu bai yi musu ba. Jirgi ya fara kuka ya ɗaga ke nan, sai ga moto, wato babur, ta turnuƙe mu da ƙura, ɗauke da mai gadin filin jirgin garinmu, Mai Girma Sarkin Gadin Sararin Samaniya. Ya ce a sauke jirgin maza. Doka ta hana tashin dron kusa da filin jirgin sama sai da takardar izini daga babban birni, kada ya yi karo da jirgin fasinja.

Ni dai ba na jayayya da doka. Inda jirage ke sauka da rayukan bayin Allah, dokar nan gaskiya ce. Sai dai bari in ba baƙo labarin namu filin. Gab da wani zaɓe manya suka zo da jiniya, aka kafa dutse, aka yanka raguna, aka ce daga ƙofar gida za mu riƙa tashi zuwa Hajji. Gab da zaɓe na gaba suka dawo suka shafa wa dutsen fenti, Allah ya saka musu. A takarda an shimfiɗa kwalta an gama, a ƙasa kuwa ban da zabi ba abin da ya taɓa tashi daga wurin.

Hamman ya durƙusa ya yi magiya, Mai Girma ya ce doka doka ce. Muka bi sawu da ƙafa, kaikayin gero yana cin mu har la'asar.

A ina muka same ta? A tsakiyar filin jirgin, bayan shingen ƙaya, cikin wata gyaɗa da wake da suka sha taki suka yi shar. Ta yi musu aski mai kyau. Ashe ruwa ba ya tsami banza, akwai dalilin da Mai Girma ba ya son ido a sama. Ya iso yana huci, ya sa aka kira dattawa.

Tsoho Ɗanasabe, wanda shi ke ƙiyasin ɓarna a garin, ya zaga wurin a hankali, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, gonar wa za mu ce an ɓata?"

Mai Girma ya buɗe baki, ya dubi jama'a, ya dubi Rabilu da salularsa a hannu. Da ƙyar ya ce, "Nan ai ba gona ba ce, filin jirgi ne."

"To, mu ba mu iya ƙiyasin kwalta ba. Hamman, ja abarka."

Yau da safe aka aiko mini da fura daga gidan Hamman, nonon har yana kama ludayi. In dai haka kwaltar manya take, don Allah a ƙaro mana kafin zaɓe.