Hular Baba Ta Riga Ni Zuwa Ingila

Ba zan taɓa mantawa da ranar da injin gurzar auduga ya haɗiye hular mahaifina ba, ko da kuwa tsufa ya sa na manta sunana.

Lokacin muna aji bakwai a firamare a Bakori, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Hedimastanmu, Malam Tukur, ba ya son ya ga yaro ya gama makaranta ya koma gindin bishiya yana hamma. Sai ya riƙa bin wuraren aiki a kan kekensa, daga tashar jirgin ƙasa zuwa ofishin gona, yana roƙon a karɓi yaransa koyon sana'a. A wani gidan gurza a Funtua aka ce za a ɗauki yaro ɗaya tak a koya masa aikin inji, aka ce Malam ya kawo mu a gani.

Da na gaya wa Baba, sai ya nuna mini lungu ya ce, "In ba su ɗauke ka ba, ga fartanya can tana jiranka. Ita ba ta tambayar aji nawa ka yi." Sannan ya buɗe akwati ya ɗauko jar dararsa, hular da ba ta ganin rana sai da Sallah, ya kifa mini a ka. Ta yi mini yawa (kunnuwana ne suka tare ta, ba don su ba da ta sauka har haɓa), amma ni a raina na riga na zama manaja.

A cikin motar da ta ɗauke mu Malam Tukur ya ja mana kunne: "Hannu a baya, baki a rufe." Ya dube ni ya ƙara da, "Musamman kai." (Ni ne na taɓa kwance agogon makaranta don in ga wanda ke motsi a ciki. Ban same shi ba, agogon kuma bai sake motsi ba.)

Wanda ya zaga da mu Injiniya Lasisi ne, Bayarabe, haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi tawa. Ya nuna mana inda ake raba auduga da angurya, da inda ake matse ta a ɗaure diloli a kai Ingila. Ni kuwa hankalina yana kan wani ƙaton bututu da ke reto daga sama. Wani lebura na karkata bakin bututun kan tulin auduga, audugar sai ta tashi da kanta ta shige, fuuu! Audugar da muke tsinka da yatsu har baya ya ƙage, ga ta tana hawa sama babu tsani. To, wa ke ja?

Da aka wuce gaba, leburan ya je shan ruwa, sai ƙafafuna suka ƙi bin 'yan ajinmu. Na miƙa wa bututun ɗan dunƙulen auduga. Ya karɓa. Na miƙa hannu, na ji iska na jan yatsuna kamar ɗan maraƙi. Na ce to, lalle sai na ga fuskar mai wannan numfashi. Na sunkuya, na leƙa.

Fat! Kaina ya yi sanyi.

Na daka tsalle na rungume bututun ina kururuwa, "Hular Baba! Wayyo, hular Baba!" Bututun ya yi lilo da ni ya watsar a tsakiyar tulin auduga, na nutse har wuya. Can ciki aka ji ƙara, ƙarar-ƙarar-ƙarar, aka kashe inji. Gidan da ko tsawa ba a ji a cikinsa ya yi tsit, sai kukana kaɗai. Na fito fari fat, auduga ta manne a hawaye da majina, na zama tsoho mai furfura a gaban 'yan ajinmu. Wani lebura ya ce, "Sannu da fitowa, Baba tsoho!" Malam Tukur kuwa ya kafa wa rufin kwano ido kamar bai taɓa ganina ba.

Injiniya ya iso riƙe da auduga mai ratsin ja. Abin da ya rage na darar ke nan.

"Yaro, me ya kai kanka ciki?"

"Ranka ya daɗe, so nake in ga mai ja."

"Ka gan shi?"

"A'a. Shi ya gan ni."

Malam Tukur ya soma ba da haƙuri, ni kuma na soma jin ƙanshin ƙotar fartanya. Injiniya ya ce, "Bari, Malam. Wanda ya cushe shi, shi zai share." Ya danƙa mini sifana, ya kai ni bayan gini, ya sa na kwance wani murfi. Ga shi nan: ƙatuwar farfela, da jan zare a haƙoranta. Na manta ina kuka. Na tambaye shi me ke juya ta, me ke juya mai juya ta, shi kuma wancan me yake ci, har ya toshe kunne ya ce, "Malam, bar mini wannan. Gara ya yi ɓarnarsa a gabana."

Da na koma gida kai ba hula, Baba ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce, "Sun ɗauke ka?" Na ce e. Ya ce, "Ita fa?" Na ce an tsince abin da aka iya, saura ya bi diloli. Har ya rasu yana gaya wa mutanen kasuwar Bakori cewa hularsa ta je Ingila. Ni da na yi rayuwata cikin inji, ko Ikko ban wuce ba.

Yanzu ni ake kawo wa 'yan makaranta koyon aiki. Ba na ce musu hannu a baya, ba na ce musu baki a rufe. Su tambayi abin da suke so. Amma kowa ya bar hularsa a bakin ƙofa.