Injiniya Abduljalil da Marmaron Gimbiya

"Ni fa, duk abin da ake jona wa wutar kuran, in ya ji takuna sai ya shiga hankalinsa. Daga Malanbil har bakin teku ba a yi injin da ya gagare ni ba, kuma ba za a yi ba."

Wannan ita ce gaisuwar safiyar Abduljalil, ita ce kuma ta yamma. In ka taɓa zama a Banikanni cikin Paraku, abokina, ka san shi ko ba a nuna maka ba: dogo, siriri kamar karan dawa, da tabarau wanda ba na magani ba, da ɗan turnabis na kwance noti a aljihun gaba kamar alƙalami. Sana'arsa sayar da caja da rigar waya a wata 'yar bitik, wato ɗan shago, da ko tabarma ba ta shimfiɗuwa a ciki. Amma kar ka kuskura ka ce masa mai caja. Injiniya yake amsawa. 'Yan zemijan, masu acaba ke nan, da ke ajiye baburansu a gindin mangwaron ƙofar bitik ɗin kuwa Injiniyan Baka suke ce masa, tun ranar da ya gyara fankar mai shayi ta koma zuƙe iska maimakon hurawa. Da aka yi magana sai ya ce ai haka ake yayi a Turai, zafin take janyewa.

To, gogan naka ya ga yarinya ya ƙyasa. Hamida sunanta, 'yar Jugu, jikar manyan fataken goro. Biki ta zo Paraku, ta shiga sayen caja, ta fita da caja da zuciyar mai caja. Magana ta yi nisa har aka ce ya zo Jugu a gan shi. Mahaifinta ya rasu, don haka baffanta Alhaji Awwalu ne mai bayarwa, dattijo wanda ba ya son wargi. Aka ce zai zo gidan bayan la'asar ya dubi yaron.

Abduljalil ya sha wanka, ya zuba turare kamar an yi ɓarinsa, ya hau taksi aka matse shi tsakanin wata mai buhun doya da ƙofa har Jugu. Hajiya Lubabatu, mahaifiyar Hamida, ta karɓe shi a falo da fara'a, amma yana lura hankalinta na wani wuri. Idonta na kan wata farar kyanwa da ke kwance a kujera, ta yi lamo.

"Hajiya, lafiya kuwa?"

"Ɗan nan, Gimbiya ce ba ta jin daɗi. Likitan dabbobi ya ce ƙodarta na son ruwa da yawa. Ita kuwa ba ta shan ruwan kwano, sai mai gudu. Shi ne ɗana Irfan ya aiko mata wancan marmaron daga Kwatano. Ga shi yanzu ya ƙi."

Ta nuna wani ɗan farin bokiti mai murfi a kusurwa, da furen roba a samansa inda ruwa ya kamata ya riƙa ɓulɓulowa. Yanzu sai ɗiga yake, yana gurnani kamar tsoho mai minshari.

Hamida ta leƙo daga madafa, hannunta duk gari. "Wanki kawai yake so, Inna. Gashinta ne ke toshe ɗan famfon da ke ciki. Bari in sauke tuwo in yi shi."

Abduljalil ya miƙe, ya gyara tabarau. Abin nema ya samu.

"Haba Hamida! Injiniya na zaune a gida, ke ki taɓa inji? Hajiya, c'est rien. Wannan ko ina barci zan gyara shi. Na yi waɗanda suka fi shi girma a manyan otal."

"To ka dai cire wayar tukuna," in ji Hamida. "Sabulu kaɗan, ka ɗauraye sosai. Akwai wata 'yar jaka a ciki, ita ba a..."

"Ke je ki ga tuwonki. Ana koya wa kifi iyo ne?"

Hamida ta ɗaga kafaɗa ta koma. Hajiya ta sa masa albarka ta shige ɗaki salla.

Wayar da aka ce ya cire, ita ya fara mantawa. Ya sunkuci marmaron zai fita tsakar gida, waya ta ce ba ta san zancen ba, ta fizgo shi. Rabin ruwan ya juye masa a gaban wando, daidai inda ba a so. Ya tsaya ya dubi kansa, ya dubi Gimbiya. Gimbiya ta yi hamma.

"Gwaji ne," ya ce mata. "Nauyin ruwan nake aunawa."

A bakin famfon tsakar gida ya buɗe murfin. Ciki duk yauƙi. Ya ci karo da 'yar farar jakar nan, ya girgiza ta ya ji tana ƙara kamar tsakuwa. Ya sa turnabis ya farke ta, sai ga baƙin gari na zubowa.

"Gawayi! La ilaha illallahu! Ka ga cutar 'yan kasuwa, gawayi suka cusa wa baiwar Allah a ruwa."

Ai kai ma ka gane, abokina, gawayin nan shi ne mai tace ruwan. Gogan ya watsar da shi a kwata yana tsaki. Da ya ga gurbin ya zauna fayau, sai ya waiga ya ga soson wanke-wanke a kan turmi, ya sha sabulu har ya ƙoshi. Ya yanke rabi ya cusa.

Saura ɗan famfon. Nan kam ya yi sa'a, don da ya ɓalle murfinsa ya zaro curin gashi kamar an yi wa tsohuwa tsifa. Ya ɗaga shi sama yana neman mai gani, ba kowa. Garin ɗagawa ɗan farfelan da ke ciki, wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ya yi tsalle ya gangara falo. Gimbiya da aka ce ba ta da lafiya ta dira daga kujera kamar walƙiya, ta buga shi da hannu ɗaya, ya shige ƙarƙashin kabad ɗin kwanonin Hajiya.

Injiniya ya kwanta rub da ciki ya tura hannu. Ya zaro yanar gizo, ya zaro tsohon goro da ya bushe tun zamanin fatake, ya zaro kan kifi. Da ƙyar ya cafko farfelan. Gimbiya ta ga an ƙwace mata abin wasa, ta sakar masa farce a karan hanci.

"Allah ya isa! 'Yar baƙin ciki! Ke nake yi wa aiki!"

"Me ka ce, ɗan nan?" Hajiya ta tambaya daga ɗaki.

"Cewa na yi Allah ya ba ta lafiya, Hajiya!"

Ya koma ya zazzaga garin sabulu cike da tafi, ya dirje bokitin har yana ƙyalli. Ɗauraya kuwa, ya ce wannan aikin masu shakka ne. Ya mayar da komai, ya cika ruwa, ya zaro kwalbar turarensa ya ɗiga a ciki don a san hannun gwani ya taɓa. Ya kai falo ya jona.

"Hajiya! Hamida! Ku zo ku ga aiki. Voilà!"

Marmaro ya yi tari sau ɗaya, ya tashi da ƙarfinsa. Ruwa ya ɓulɓulo ta furen gwanin sha'awa, har Hajiya ta fara "Masha Allah." Ba ta rufe baki ba kumfa ta fito. Ta rufe furen, ta rufe murfin, ta sauko kan darduma tana tafiya kamar an aike ta. Kafin ka ce kwabo ta ci takalmin Hajiya ɗaya. Gimbiya ta yi tsalle ta haye saman kabad, gashinta a tsaye.

"Inna lillahi! Mene ne wannan?"

"Kwantar da hankalinki, Hajiya. C'est normal. Yana wanke kansa ne. Sababbin haka suke."

Hamida ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. "Ina 'yar jakar gawayin?"

"Na raba ku da ita."

"Kawo in ɗauraye shi, don Allah, kafin Baffa ya iso."

"Kar ki taɓa! Kin taɓa ganin an karɓi wuƙa a hannun likita yana tsakar aiki?"

Ya cire hularsa ya shiga kwasar kumfa yana watsawa waje, yana ƙara ruwa da buta. Ya kwasa, ta ƙaru, ya kwasa. A hankali dai ta lafa, ta bar falon yana ƙamshi kamar shagon wanki da guga. Ya share gumi ya kira kyanwa da ladabi. Gimbiya ta sauko, ta zagaya, ta sansana furen. Ta yi atishawa, ta juya masa baya ta ɗaga jela.

Fuskar Hajiya ta sauya. "Ɗan nan, tun jiya ba ta sha ruwan kirki ba. Me ka zuba a ciki?"

"Ba komai wallahi! Ruwan nan ya fi na kwalba tsabta."

"To me ya hana ta sha?"

Nan ne ya kamata mai hankali ya ce a gafarce shi. Amma Injiniyan Baka sai ya ɗaga yatsa.

"Ilimin dabba daban ne, Hajiya. Kyanwa da koyi take. Sai ta ga an sha za ta yarda."

Ya tattare riga, ya durƙusa da gwiwoyi da hannuwa a kan jiƙaƙƙiyar darduma. Ya dubi Gimbiya ya ce, "Kalli nan." Ya zaro harshe ya fara lasar ruwan furen, lap, lap, lap. Ɗacin sabulu ya hau masa har ƙwaƙwalwa, idonsa ya kawo ruwa, amma ya daure. Don abin ya shige ta sosai, ya ɗaga kai ya ƙara da, "Miyaaau."

"Salamu alaikum."

Alhaji Awwalu ne a bakin ƙofa, da sandarsa, da limamin unguwa a bayansa. Sun iso da wuri.

Gimbiya ta taka bayan Abduljalil ta dira waje, ta nufi famfon da ya bari yana zuba a tsakar gida, ta kafa kai tana sha abinta. Shi kuwa yana nan yadda yake: wando a jiƙe, hanci da zanen farce, yanar gizo a kunne, kumfa a gemu. Ya buɗe baki zai amsa sallama, sai wani ƙaton ƙwan kumfa ya fito, ya tashi a hankali ya fashe a gaban liman.

Dattijon ya daɗe yana kallo. Ya gyara tsayuwa a kan sanda.

"Hajiya, wane ne wannan?"

Hajiya ta sunkuyar da kai. "Shi ne yaron, Yaya Alhaji. Na Paraku."

Alhaji Awwalu ya dubi mutumin da ke durƙushe, ya waiga ya dubi kyanwar, ya gyaɗa kai kamar wanda ya fahimci magana. Ya juya ya kama hannun liman.

"Mu tafi, Malam, an ɓata mana lokaci. Ni an ce mini Hamida ya zo nema. In Gimbiya ce, ba ni ne waliyyinta ba."